Rigar Feshi a Bahon Wanki

Ranar da mijinta ya shigo da sabuwar rigar aikinsa a dunƙule cikin leda, tana shinshina ta yamutsa fuska. Mace ce da maƙwabta ke tsokana cewa da inuwa tana wankuwa, da tuni ta shanya tata a igiya.

Aikin mijin feshin maganin ƙwari ne a manyan rumbunan hatsi. Da can rigar roba yake sawa, wadda yakan ce dafa mutum take yi da ransa. Sai kamfani ya raba musu wannan marar nauyi. An yi musu bayani cewa an lulluɓe zarenta da wasu ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, su ke hana guba ratsawa. Aka kuma ja musu kunne: kada a kai ta gida, kada bilic ko dutsen guga ya taɓa ta, a wurin aiki ake tsabtace ta.

To amma layin mayar da riga dogo ne, shi kuma kullum saurin kama mota yake yi. Bai gaya wa matarsa ko kalma ɗaya ba.

Ita kuwa ta jiƙa rigar a bilic, ta dirje ta da buroshi, ta bi ta da guga mai zafi. Duk mako haka. Shi ma a ganinsa, tunda rigar ba ta yage ba, lafiya lau take. Har dariya yake yi, wai ko manaja bai kai shi fes ba.

A wata na biyu ya fara ciwon kai da zufa marar dalili. Suka ce gajiya ce.

Wata rana da hantsi abokin aikinsa ya kira ta a waya, ya ce ta yi maza ta zo asibiti. Ta fita da takalmi wari da wari. Ta tarar da shi miyau na dalala, jiki na karkarwa, numfashi sama-sama. Ta kira shi, bai gane ta ba. Ta riƙa bin ma'aikatan jinya tana kama hannunsu, tana roƙo su ce mata zai tashi. Babu wadda ta iya ce mata haka.

Likita ya sa aka kawo rigar, da ta abokin aikin. Ya ɗiga ruwa a kan ta abokin, ruwan ya dunƙule ya gangara. Ya ɗiga a kan ta mijinta, ta shanye shi nan take kamar tsumma.

"Wa ke wanke wannan?"

"Ni ce, likita," in ji ta. "Ko sau ɗaya ban bari ya sa ta da datti ba."

A hankali likita ya gaya mata cewa garkuwar rigar ta daɗe da tafiya a ruwan wanki. Makonni ke nan fatar mijinta tana shan guba. Ta zauna a ƙasa dirshan.

Kwanansa goma sha ɗaya na'ura na taya shi numfashi. Ya rayu, amma jijiyoyinsa sun taɓu. Ƙafa ba ta taka masa, hannu ba ya riƙe cokali. Aikin da ke ciyar da yara huɗu ya tafi.

Ranar da aka sallame su, tana sa masa takalmi ta fashe da kuka, ta ce ya yafe mata, da hannunta ta nakasa shi.

Da ƙyar ya haɗa maganar. "Maman yara, ni aka gaya wa. Ke ba ki sani ba."

Jama'a, kayan kariya ba tufafin gida ba ne, kuma kyan su a ido ba ya nuna suna aiki. Mu bi ƙa'idar da aka ba mu, mu kuma sanar da iyalinmu, domin gargaɗin da ya tsaya a bakin ƙofar ma'aikata bai kare kowa ba.