Tarakta Don Fadamar Garin Ɗaso

Tsohuwar taraktar nan ta sha wuya. Da ita ake jan mushen ragunan hadaya zuwa rami a Mina, har ta fara tari, aka yasar da ita a bayan wani gareji a unguwar Shisha, cikin Makka. Samarin Nakkasa, unguwar baƙin da suka zo ci-rani, duk 'ya'yan manoma, sukan je su shafa ta suna haɗiyar yawu. Iyakarsu ke nan, don ko tayarta ɗaya ba mai iya saye.

A cikinsu Wada ne ya nace. Shekara takwas yana dakon ruwa a hawan duwatsun Nakkasa, kafaɗunsa duk kanta, abincinsa burodi da shayi. Mutum ne shiru-shiru, sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa. Bai taɓa aika wasiƙa gida ba, in alhazan yankinsu suka sauka ma canza hanya yake. Burinsa ɗaya ne: ya shiga mahaifarsa Garin Ɗaso bisa tarakta, ya kafce fadamar gindin tsamiya da ya gada, wadda ta gagari fartanya.

Sa'arsa yana da igama, takardar zama, ko da yake hotonta ya koɗe. Ba don ita ba wa zai sayar masa, balle a loda masa a jirgin ruwa a Jidda?

Ran da ya biya kuɗin taraktar, kai, murna ta hana shi zama. A karo na farko ya je masaukin alhazai, ya sami wani Alhaji Awwalu daga Garin Ɗaso, baƙuwar fuska da bai sani ba. Bayan gaisuwa ya tambayi labarin fadamar gindin tsamiya.

"Ai tawa ce yanzu, Malam," in ji Alhaji Awwalu. "Mai ita, wani Kabo, a Mina ya rasu shekara takwas ke nan. Hukuma ta aiko da takardarsa, aka raba gado, 'yan'uwa suka sayar mini. Tsohuwarsa kuwa baƙin ciki bai bar ta ta ga kaka ba. Ka san shi ne?"

"Na san shi."

Ina zai rasa saninsa? Kaico! Shi da hannunsa ya zare igamar wani mamaci mai suna Wada a Mina, ya cusa masa a ɗamara tasa takardar hajjin, mai ɗauke da sunansa na gaskiya, Kabo.