Kafireton Babur a Jikin Keke

"Wannan kafireton na babur ne, ba zai hau injin kekenka ba," in ji Yaya, mai shagon gyaran babura a layinsu, yana yi wa Tela dariya.

Tela bai ko ɗaga kai ba. Ɗinki ne sana'arsa, amma tun da ya ɗaura wa kekensa ɗan inji yake jin kansa injiniya. Kwana uku yana guga yana cusa roba, har kafireton ya zauna daram.

Ranar gwaji ya taka feda, injin ya kama da ruri. Ya wuce shagon Yaya a guje, ƙirji a buɗe, ya zagayo layin ya sake wucewa.

A zagaye na uku Yaya ya fito yana tafi. "Na yarda, ka iya! Tsaya haka nan!"

Tela ya saki totur, injin ya ƙi sassautawa. Ya damƙi birki, ya ji wayam. Sai lokacin ya tuna: da wayar totur ta gaza tsawo, ta birki ya ciro ya sa.

"Yaya, sai mai ya ƙare!"

"Nawa ka zuba?"

Amsar ta taso daga ƙarshen layi: "Cika tankin na yi!"