Fuskar Baldo a Bangon Coci

"Ku matsa, mai fuskar ya iso!" na ce, ina ture jama'a a cocin unguwarmu. Nencia, bazawarar da nake nema, tana biye da ni. Yau ta ce za ta ba ni amsa.

Ni Baldo, annoba biyu suka share garinmu Firenze, ko tari ban yi ba. Ko sunana ban iya rubutawa ba, amma da mai zane Zanobi ya tashi yin hoton godiyar tsira a bango, fuskar wa ya nema?

"Baba, rufe ido, rufe baki, ɗaga haɓa," ya ce. Kaina kaɗai ya zana a takarda. Ko jaki ya gane fuskar waliyyi mai addu'a zai yi da ita.

Aka yaye ƙyallen da ya rufe hoton. Waliyyin, fuskar mahaucin unguwa aka ba shi. Ni kuwa ga ni can ƙasa, kore shar, gawar da ake ja ta ƙafa.

Coci ya kaure da dariya. Nencia ta daɗe tana kallon bangon.

"Na yarda, Baldo," ta ce. "Ashe bakin nan yana rufuwa."