Garma da Jar Laima

Katrien ta goge saƙo na goma sha ɗaya tun kafin gahawarta ta huce. Duka na mutum biyu ne.

Shekara tara ke nan tana riƙe da dandalin nan na intanet, inda kowa ke da damar faɗin ra'ayinsa kan siyasar Turai. Aikin sa kai ne, tana yinsa kafin ta tafi makarantar da take koyarwa a birnin Gent. Da su biyar ne masu sa ido. Yanzu saura ita da Wout, mai kula da na'urorin dandalin.

Sauran ukun Garma da Jar Laima ne suka kore su. Sunayen da mutanen biyu suke rubutu da su ke nan. Garma yana ganin Tarayyar Turai ce ta kashe manoma da dokokinta. Jar Laima tana ganin ba don Tarayyar ba, da manoma irinsa sun daɗe da sayar da gonakinsu. Ko batun jirgin ƙasa aka ɗauko, sai sun karkatar da shi zuwa taki da madara. Ta kira shi tsohon jaki, ya kira ta aku mai karanta jarida. Daga tara na safe suke farawa, su tsaya ƙarfe sha biyu, su dawo ƙarfe biyu. Sababbin mambobi kan leƙo, su ga ƙura, su fice.

Dokar dandalin ta ce ba a korar mutum sai an ji ta bakinsa a waya. Katrien da kanta ta rubuta dokar, kuma tana alfahari da ita. Jar Laima ta amsa kira, ta yi minti ashirin tana magana ba numfashi. Garma kuwa sau uku ana nemansa, amsarsa ɗaya: "Ba na waya. Rubuto."

Ranar Laraba ta dakatar da shi.

Ta zaci za ta huta. Kafin azahar Jar Laima ta turo mata saƙo bakwai, duk na neman a dawo da abokin gabarta. Da yamma Wout ya kira.

"Na duba layin da suke shigowa da shi. Gida ɗaya ne, a garin Eeklo. Ko a watan Maris da suka ɓace mako uku, tare suka ɓace, tare suka dawo. Shugaba, mutum ɗaya ke wasa da hankalinmu."

"Ba mu tabbatar ba."

"Me ya hana shi ɗaukar waya? Matar ce ke rubuta duka biyun, kuma murya ɗaya gare ta. Ki rufe su duka kafin Litinin, ko ki nemi wani ya riƙe miki na'urorin. Na gaji."

In Wout ya tafi, dandalin ya mutu. Ta san wannan. Amma ba za ta karya dokarta sau biyu a mako guda ba. Ta ɗauko adireshin daga rajistar mambobin dandalin, ranar Asabar da safe ta hau jirgin ƙasa. A hanya ta tsara abin da za ta faɗa, ɗaya, biyu, uku, kamar darasi.

Wata tsohuwa ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk garin fulawa.

"Ni ce Katrien, daga dandali."

"Na gane muryar. Kin kyauta da kika zo da ƙafarki, 'yar nan."

"Madam, ke ce Jar Laima. Kuma ke ce Garma. Shekara biyu kina zagin kanki da kanki, kin korar mini mutane uku."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa. "Ni ce wa? Ni zan rubuta wannan shirmen? Ko waƙafi bai iya sawa ba. Goge ƙafarki ki shigo."

Katrien ta bi ta ta wani siririn lungu zuwa ɗakin baya. Wani dattijo na zaune a keken marasa lafiya kusa da taga, hannunsa na dama a kwance bisa cinya. Allon kwamfuta na gabansa a kunne, da jan rubutun da Katrien ta tsara da kanta: An dakatar da kai. Ya ɗago ya dube ta. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito.

"Ga Staf," in ji tsohuwar, tana gyara masa bargo. "Shekara arba'in da ɗaya muna wannan faɗan a teburin cin abinci, kafin ciwon shanyewar jiki ya ɗauke masa magana. A gidan nan ba ya rubuta mini komai sai 'ruwa' da 'na gode'. A dandalinki kaɗai nake samun mijina, kuma tun Laraba ban ji daga gare shi ba."