Gurbin Amshi

Da la'asar Kawu ya kunna mini kaset ɗinsa na farko tun rabuwarsa da ƙungiyarsu, wadda duk Birnin Kudu ke rububinta a biki. Ya ce a kogon dutse ya ɗauke shi, daga shi sai garayarsa.

Da yake baki ya saba, a cikin kaset ɗin yana dakatawa bayan kowane baiti, inda 'yan amshi ke karɓa. Can tsakiyar waƙar, wata murya ta karɓa ƙasa-ƙasa. Muryar Sale ce, babban ɗan amshinsu.

Na ce, "Kawu, ashe Sale ya bi ka?"

Ya kashe rediyon. "An binne Sale kafin in shiga kogon nan."

Har yau, idan ina waƙa ni kaɗai, ba na barin gurbin amshi.