Bindigar Shugaba

Wani aladen daji ya taso gadan-gadan. Prescott Hale, shugaban ƙungiyar farauta ta attajirai, ya saita bindiga ya harba yana murmushi. Shekara talatin bai taɓa kuskure ba, kawunan namun dajin da ke bangon zaurensu shaida ne.

Aladen bai faɗi ba. Ya soka masa haure a cinya, ya farke ta har gwiwa, ya maka shi da ƙasa.

Elzear, dattijon ma'aikacin da ke raka Hale farauta, ya durƙusa yana ɗaure raunin.

"Yaya aka yi na kuskure?" in ji Hale, yana nishi cikin jini.

"Yallaɓai, ai kullum haka kake yi. Ni nake harbi ta bayanka." Ya ƙara tamke ɗaurin. "Jiya ka kafa doka, ka ce ma'aikaci ba zai ƙara riƙe bindiga ba."