Buhu Mai Jan Zare

Ajiye wannan kwalba ka saurare ni, ɗana. Tun ɗazu nake jin ka kana cewa wai waken nan na kasuwa ne, ba na gida ba, sai ka ce masu sayensa ba ciki gare su irin naka ba. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Zauna in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani manomi da Allah ya ba shi sa'ar noman wake. Kowace kaka sai ya raba amfaninsa gida biyu. Na ci, ya shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, ya gauraya da toka da busasshen barkono yadda ya ga kakanninsa suna yi, ya zuba a randa ya liƙe bakinta da laka. Na sayarwa kuwa ba shi da lokacin wannan wahala. Maganin feshin gona, wanda aka rubuta ƙiri-ƙiri a jikin kwalbarsa kada ya taɓa abinci, shi yake tuttulawa a kai, ya juya da shebur, ya ɗura a buhu. Ƙwaro ko kusa ba ya zuwa, wake ya kwana wata shida sumul, babu huda ko ɗaya. Kada ka ce bai sani ba, ya sani sarai. Wata rana kazarsa ta tsinci wanda ya zube, kafin azahar ta miƙe ƙafa, da kansa ya haƙa rami ya binne ta don kada wani a gidan ya yi sha'awar namanta. Daga ranar ya riƙa ɗinke buhunan kasuwa da jan zare, ya yi ƙulli biyu a kunnen kowane buhu, ya gargaɗi iyalinsa kada wanda ya kuskura ya ɗebi ko tsaba ɗaya. Da matarsa ta ce masa wannan abu akwai alhaki, sai ya daka mata tsawa: "Mota ce za ta kai shi can uwa duniya. Kin san masu cinsa? To, ni ban san su ba!"

Abin haushin, in ka shiga gidan mutumin nan sai ka rantse likita ne. Miya sai da daddawa, zogale ba ya yankewa, ruwan sha sai an tace. Ga shi da kula da mahaifiya. Tsohuwar haƙoranta sun zube, da safe ba abin da take iya ci sai koko da ƙosai mai laushi. Kullum ya fito daga masallaci sai ya biya wajen wata mai ƙosai a gindin tsamiya, ya sayo da zafinsa, ya kai mata da hannunsa, ya zauna a bakin tabarma har ta cinye tana sa masa albarka. Duk garin ana kwatance da shi.

A wata shekara ya sayar da buhunansa kamar yadda ya saba, ya ga tashin mota, ya kakkaɓe hannu. Ashe motar ba ta yi nisa ba, ta lalace a kasuwar garin da ke gaba da su. Mai kayan ya ga ba zai iya jiran gyara ba, ya sauke ya karyar da su nan take. Mai ƙosan gindin tsamiya ta je cin kasuwa, ta ga wake fari tas ga araha, ta sayi buhu guda tana murna. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, gari ya ruɗe da amai da gudawa. Masu sauran ƙarfi suka sha wuya suka tashi. Tsohuwa kuwa, da ma jiki ya riga ya gaji, tun a hanyar asibiti rai ya yi halinsa.

Ana dawowa daga maƙabarta, ko zaman gaisuwa bai yi ba, ya ɗauki sanda ya nufi gidan mai ƙosai yana kumfar baki, wai ta kashe masa uwa. Matar tana kuka ta jawo buhun zuwa tsakar gida, ta ce, "Ni ma saye na yi, Malam. Duba ka gani, ko huda ɗaya babu." Ya sunkuya ya duba. A kunnen buhun ga jan zare, ga ƙulli biyu. Sandar ta suɓuce daga hannunsa. Ya koma gida ya tarar da randarsa ta wake mai tsabta cike fal, ko lakar bakinta ba a fasa ba, uwar da ya tanadi waken dominta kuma tana ƙarƙashin ƙasa.

Ni dai ban ji tausayinsa ba, kuma har gobe ba na ji. Tsohuwar nake tausayi, da uwayen wasu da ya shekara goma yana ɗura wa guba, bai taɓa rasa barci ba don bai san sunayensu ba. Abinci ba ya tambayar gidan wa zai shiga, ɗana. Ka mayar da kwalbar nan inda ka samo ta, ka je ka nemo toka da barkono, ka yi wa na kasuwa yadda kake yi wa na gida. Ba a banza Hausawa suka ce ba, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, don wataƙila kai ne za ka faɗa.